Yayata ba ta iya miƙewa sai an kama ta, wai mene ne polimayosaitis?

'Yar Kurna:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu sani ku taimaka min da bayani, wallahi hankalina ya ƙi kwanciya. Yayata ce, shekararta 43, ɗinki take yi, mace ce mai kazar-kazar da ba ta iya zama waje ɗaya, amma tun bayan ƙaramar sallah muka lura in ta zauna a tabarma sai ta dafa bango ko gwiwa kafin ta miƙe, muka ce gajiyar azumi ce. To abu kamar wasa yanzu ko daga kan kujera sai an miƙa mata hannu, sallah a zaune take yi don in ta yi sujada ɗagowar aiki ne, in za ta shiga adaidaita sahu kuwa sai ta sa hannu ta ɗaga cinyarta ta ɗora. Hannun ma haka, ba ta iya ɗaga shi ta taje kai ko ta ɗaura ɗankwali, shanya a igiya ta gagare ta, amma abin mamaki yatsunta ƙalau, tana zura zare a allura tana sa maɓalli. Kuma ba wani ciwo take ji sosai ba, ita dai cewa take ƙarfin ne babu.

An sha maganin maleriya an sha na taifot, an yi ƙarin ruwa, wasu sun ce sanyi ne wasu sun ce jifa ne. Jiya wani likita ya duba ta ya rubuta mana polimayosaitis a takarda ya ce shi yake zargi, mu je babban asibiti a yi gwaji, amma layi ya yi masa yawa bai samu ya yi mana bayani ba. Wai wane irin ciwo ne wannan? Shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe? Kuma ana warkewa?

Ɗan Fagge:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya ya sa kaffara ne. Ni dai a ganina sanyin ƙashi ne ya yi mata yawa, kakarmu haka ta yi fama. A dage da addu'a, a riƙa shafa mata man zaitun ana gasa wajen da ruwan ɗumi.

Likita a cikin gari:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannunku da jinya. Ba zan iya yanke hukunci a kan mara lafiyar da ban gani ba, amma yadda kika zayyano abin na gane dalilin da ya sa abokin aikina ya yi wannan zargin, kuma shawarar da ya ba ku daidai ce.

Malam Ɗan Fagge addu'a kam dole ce, sai dai wannan bai yi kama da ciwon gaɓɓai ba. Mai ciwon gwiwa zafi ne ke hana shi tashi, in ya daure ya cije zai miƙe. Ita kuwa ko ta daure ba za ta iya ba don tsokar ce ba ta amsawa. Nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin da mai kasala da mai ciwo da mai raunin tsoka duk "jikina ba ƙarfi" suke cewa.

Polimayosaitis kumburin tsoka ne. Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, ba a ɗaukarsa a wajen wani, garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta riƙa yaƙar tsokarsa. Ba ciwo ne da ya yawaita ba. Ya fi kama manya 'yan shekara 30 zuwa 60, mata sun fi maza kusan ninki biyu, a yara kuwa da wuya a gan shi. Yadda yake zuwa shi ne a hankali, cikin makonni ko watanni, kuma dama da hagu tare, sannan tsokokin da ke kusa da gangar jiki yake fara kamawa wato ƙugu, cinyoyi, kafaɗu, damatsa da wuya. Shi ya sa za ki ga tashi daga tsugunno a banɗaki ya zama tashin hankali, hawa bene ya gagara, ɗauko tukunya daga wuri mai tsayi ya gagara, wani ma in yana kwance rigingine ɗago kansa daga matashi sai ya yi da gaske, amma yatsu na aikinsu sai can in abin ya yi nisa. Wannan zura zare a allura da kika faɗa ba ƙaramin bayani ba ne, ki maimaita wa duk likitan da kuka je wajensa. Haka kuma ba a jin dindiris ko mutuwar fata, in an taɓa ta tana ji sarai. Ciwon tsoka wasu na ji wasu ba sa ji. Ana iya samun gajiya, rama, ɗan zazzaɓi da ciwon gaɓɓai tare da shi.

Shanyewar ɓarin jiki daban ce, ita farat ɗaya take zuwa, gefe guda, sau da yawa da karkacewar baki ko sarƙewar magana.

Gwajin farko mai sauƙi ne, jini za a ɗiba a auna wani sinadari da ake ce wa CK, wanda ke zubowa cikin jini idan tsoka na lalacewa. A wannan ciwon yakan hau sosai, wani lokaci har ninki 50 na yadda ya kamata. Ki lura, gwajin hanta ma na iya nuna hawa alhali daga tsoka abin ya fito, kar wani ya kalli takarda ya ce muku ciwon hanta ne a kama wata hanya. Bayan CK akwai gwajin EMG da ake sa siririyar allura a tsoka a ga yadda take aiki, akwai hoton MRI, akwai gwajin jini na garkuwar jiki, sannan wani lokaci a ɗan yanki tsoka ƙarama a duba a na'ura, wannan ne ya fi tabbatarwa. Tun 1975 da wasu likitoci biyu, Bohan da Peter, suka tsara ma'aunin gane ciwon kusan waɗannan abubuwan ake haɗawa, duk da yanzu an gano da yawa cikin waɗanda a da ake ce wa polimayosaitis wasu cututtuka 'yan uwansa ne ke damunsu.

Kuma dole a cire wasu abubuwan da ke kawo irin wannan raunin, kamar ƙarancin aikin maƙoƙo, ƙarancin sinadarin fotashiyam ko bitamin D, maganin rage kitsen jini, ƙanjamau, da ƙwayoyin nan na ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Ku tattara duk abin da take sha har na gargajiya ku zuba a leda ku tafi da shi. Ku nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, a haɗa ku da likitan jijiya ko na cututtukan gaɓɓai da garkuwar jiki.

Tambaya biyu gare ki. Tana ƙwarewa in tana cin abinci ko shan ruwa? Tana haki ko busasshen tari?

Uwar biyu, Hotoro:

Allah sarki, ina karanta rubutunki hawaye na zubo min don ni ma ta nan na bi. Nawa ɗan uwansa ne da ke haɗawa da fata, damatomayosaitis. Ni saman idona ne ya kumbura ya yi duhu kamar na shafa kwalli, gaɓoɓin yatsuna ta baya suka yi baƙi suna saɓa, kowa cewa yake mai na canja, alhali ni ban taɓa shafa man bilicin ba. A fatarmu ba ja yake fitowa ba, duhu yake yi, don haka ki duba hannun Yaya da fatar idonta da ƙirjinta da bayan wuyanta a cikin haske.

Abin da ya fi ƙona min rai lokacin shi ne yarinyata ta miƙo hannu in ɗauke ta in kasa ɗaga ta daga ƙasa, ga 'yan uwa na ganin kamar son jiki ne tunda ban kwanta ba kuma ba na kukan ciwo. Dan Allah kar ku bari kowa ya faɗa mata haka.

Maganar warkewa kuma, abin da likitana ya faɗa min shi ne ba a cewa an rabu da shi kwata-kwata amma ana danne shi mutum ya koma harkokinsa, kuma alhamdulillahi ga ni ina girkina ina sallata a tsaye. Firedinisolon, maganin rage kumburi, aka fara ba ni da yawa sannan aka riƙa ragewa a hankali, daga baya aka ƙara min azatayofirin mai danne garkuwar jiki. Sai kun yi haƙuri don gwajin jini ya riga ƙarfi dawowa, takarda ta nuna sauƙi ni kuwa ban ji a jikina ba sai da aka ɗau watanni. Fuska za ta yi kumburi, ci zai ƙaru, ana auna suga da hawan jini a kai a kai. Babban abin da aka ja min kunne a kai shi ne kar in kuskura in daina maganin lokaci guda don na ji sauƙi ko don wani ya ce na yi ƙiba, yana da hatsari sosai. An kuma yi min gwaje-gwajen daji, na tsorata, amma aka ce haka ake yi wa masu irin nawa don a tabbatar, kuma ba a ga komai ba.

'Yar Kurna:

Na gode ƙwarai Likita, Anti na gode Allah ya ƙara miki lafiya, kin sa na ji sanyi a raina. Na haska hannunta da fuskarta ban ga komai ba. Ƙwayar ƙiba ba ta taɓa sha ba. Amma maganar ƙwarewa gaskiya akwai, kwanan nan tuwo na tsaya mata a wuya sai ta kora da ruwa, ruwan ma wani lokaci ta ƙware har ya biyo ta hanci, shi ya sa ta koma kunu da koko. Haki kuma sai in ta ɗan yi tafiya. Mijinta ya ce a bari sai ƙarshen wata in an yi albashi, Hajiyarmu kuma na so a fara kai ta ƙauye wajen wani mai magani. Dama za mu iya sayen firedinisolon ɗin a kemis ta fara sha kafin nan?

Likita a cikin gari:

A'a 'yar uwa, kar ku saya. In ta fara sha kafin a yi gwaji zai iya ɓoye abin da ake nema a jini da tsoka, kuma shi kansa maganin in aka sha ba bisa ƙa'ida ba yana raunana cinyoyi, ga shi yana tayar da suga da tsohon tarin fuka in akwai shi a kwance.

Batun ƙarshen wata kuma ban goyi baya ba ko kaɗan. Abin da kika faɗa yanzu ya nuna tsokokin haɗiya sun fara taɓuwa, hatsarin shi ne abinci ko ruwa ya bi hanyar iska ya sauka a huhu ya zama nimoniya. Hakin ma sai an duba, domin ciwon na iya raunana tsokar numfashi, yana iya taɓa huhun kansa musamman ga masu wani sinadari a jini da ake kira Jo-1, wani lokaci har zuciya. Kuma tsokar da ta daɗe a kumbure ba magani tana shanyewa ta yadda ba duka ke dawowa ba. Ki nuna wa mijinta wannan rubutun, ku haɗa abin da ya samu a cikin dangi ku je cikin satin nan, ko CK da hoton ƙirji aka fara yi an rage hanya. Hajiya kuma a lallaɓa ta da girmamawa, a ce mata a fara jin ta bakin asibiti, addu'arta ake buƙata.

Kafin nan ta riƙa cin abinci a zaune sosai ba a kishingiɗe ba, loma ƙanana, mai laushi, ba gaggawa, kar ta kwanta da ta gama. In numfashi ya yi mata wuya tana zaune, ko ta kasa haɗiye yawu, ko zazzaɓi da tari suka taso, ba jiran asibitin ƙwararru, ku wuce sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.

Mai gashin ƙashi:

Ƙari a kan na Likita, in an fara magani ku nemi a tura ta sashenmu na gashin ƙashi, motsa jiki daidai ƙarfinta na cikin maganin, kwanciya kawai ƙara kashe tsokar take yi. Yanzu dai ku sama mata kujera mai tsayi mai hannu, a banɗaki a sa mata abin zama da abin kamawa don tsugunno ne ya fi kayar da su, a ɗauke tabarma da buta daga hanya. In za ku ɗaga ta kar ku ja ta ta hannu, ku tsaya a gefenta ku riƙe ta ta ƙugu ta dafa kafaɗarku.

'Yar Kurna:

To madalla, na tura wa mijin nata ya karanta, ya ce gobe da sassafe za mu karɓo takardar turawar mu wuce. A sa Yaya a addu'a dan Allah.