Wane magani tsofaffin gonakin inabin Bordeaux ke fesawa?

Daga Samaru: Malamai, farar fumfuna tana cin bayan ganyen inabi da damina. Me gonakin giyar Faransa irin su Château Haut-Brion, wadda iyalin Pontac suka kafa tun 1533, suke yi?

Daga Kudan: Ɗan'uwa, maganin, wato haɗin Bordeaux, a can aka haife shi, masanin tsirrai Millardet ya bayyana shi a 1885. Kilo 1 na kofa salfet (shuɗin sinadari na jan ƙarfe), kilo 1 na farar ƙasar laim, ruwa lita 100. Narka kowanne daban a bokitin roba, ba na ƙarfe ba, domin kofa salfet yana cinye ƙarfe. Haɗa su, sannan ka tsoma sabuwar ƙusa a ciki. In ta yi ja, ƙara laim, in ba haka ba ganye zai ƙone.

Daga Sabon Gari: A fesa ranar da aka haɗa, kafin cuta ta kama. Rigakafi ne, ba ya warkarwa.