Na samu gadata ta farko, amma an ce mushe ce, kuma wai ba tawa ba ce

Telan Daura:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga maharba da malaman da ke nan.

Ni tela ne a cikin garin Daura, amma dangin mahaifiyata mafarauta ne a wani ƙauye gabas da Zango, ta hanyar Baure. Bana da aka gama kaka, aka kwashe gero da wake, kawuna ya ce ranar da ba ni da ɗinki in riƙa zuwa ina bin su. Ba ni da bindiga, ko ɗura ta ban iya ba. Kere ya ba ni na icen ƙirya, da wuƙa, ya haɗa ni da baƙin karensa Duna. Tun da na fara fita, bushiya kaɗai na taɓa kawowa gida, ita ma don ba ta gudu ne.

Asabar ɗin nan da ta wuce aka yi gayya ta ƙauyuka uku. Hazo ya sauka sosai, mai ganga yana gaba, mu kuma muka jeru muna kaɗa daji. Da yake ni sabon shiga ne, can ƙarshen layi aka ajiye ni, inda ba a sa ran komai zai tashi. Wajen hantsi na zo wucewa gefen wata geza mai duhu. Wallahi saura kaɗan in taka wata gada. Tana kwance lamo, sai da na zo daf sannan ta yi tsalle ta fita. Ba ta miƙe gudu ba, nan ta yi dama, nan ta yi hagu, kanta a ƙasa. Kawu ya sha gaya mini kada in jefi inda dabba take, in jefi inda za ta, kuma ƙasa-ƙasa. Na saki keren, ya same ta a ƙafar gaba. Ta wuntsila, ta tashi da ƙafa uku, sai ga wani jan kare daga gefe ya cafke mata cinya tun Duna bai iso ba. Na ruga na danne ta da gwiwa, tana ta shure-shure tana wani irin kuka, na yi bismillah na yanka. Jini ya yi tsartuwa har gaban rigata.

Namiji ne, ƙahonsa bai fi ɗan yatsa tsawo ba, da tukkun gashi a tsakani, da baƙin zane daga goshi zuwa hanci. Ƙarƙashin kowane ido akwai wata tsaga mai fitar da baƙin abu mai danƙo. Jikina rawa yake, ko wuƙar na kasa mayarwa cikin kube.

Ban gama numfashi ba mai jan karen ya iso, ɗan tauri ne daga ɗaya ƙauyen, ya kama ƙafar baya ya ce ta karensa ce. Kawu ya taho yana kirari, aka fara zare-zare. Dattijon da ke jagorantar gayyar ya raba: mai kare cinya ɗaya da rabin haƙarƙari, shi dattijon ƙafar gaba, ni kai da fata da sauran.

Na iso gida da murna, sai maƙwabcinmu ya ce mushe na kawo, wai abin da sanda ta kashe ba a ci, kuma ba mu san ko an yi wa karen nan bismillah ba. Inna ta ce ba ta ɗora tukunya sai ta ji daga bakin malami. Naman yana kan banda yanzu. To, halas ne? Kuma rabon nan adalci ne, ko kwace aka yi mini da lalama?

Almajirin Zaure:

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, ɗan'uwa. Ka ce wa Inna ta ɗora tukunya.

Maƙwabcinku ya ji ƙarshen karatu ne, bai ji farkonsa ba. Gaskiya ne aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta haramta dabbar da aka buge ta mutu, amma a cikin ayar aka togace wadda kuka riska da rai kuka yanka. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim da yake dogara da shi, wanda ya yi maganar makamin da ya bugi dabba da faɗinsa, da karen da aka tarar tare da naka ba ka san wanne ya kashe ba, duk yana magana ne a kan dabbar da ta mutu kafin ka iso. Taka ba kere ya kashe ta ba, ba kare ya kashe ta ba. Wuƙarka ce.

Abin da malamanmu na Malikiyya suke dubawa shi ne ko an riga an taɓa makasarta kafin yankan: lakar baya ta tsinke, ko ƙwaƙwalwa ta fito, ko kayan ciki sun zubo, ko hanji ya huje, ko jijiyar wuya ta yanke. Karayar ƙafa da cizo a cinya ba sa ciki. Ga shi kuma ka ce tana shure-shure da ƙarfi, jini ya yi tsartuwa. Abu ɗaya zan tambaye ka: ka yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ka ɗage wuƙar ka tsaya ba? In haka ne, magana ta ƙare.

Batun mallaka kuwa, a Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, wanda ya riga kai hannu shi ke da abin farauta, ganin dabba da fari ba ya mallakar da ita, in kuma masu iko a kanta suka yi jayayya sai a raba musu. Kai ka karya ta, karensa ya tsayar da ita. Ban ga inda dattijon ya kauce ba.

Baushe Mai Ritaya:

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Malam ya gama da ɓangarensa, bari in faɗi namu na daji.

Ba a cuce ka ba. Gada mai ƙafa uku tana tsere wa mutum mai ƙafa biyu, na gani da idona ba sau ɗaya ba. Da jan karen nan bai riƙe ta ba, da ta faɗa cikin sarƙaƙiya, ku yi ta bin jini har la'asar, a ƙarshe dila ya ci. Kuma ka gode wa Allah da kawunka yana kusa. Lokacin ƙuruciyarmu, sabon shiga ya kashe gada a gayya babu babba a bayansa, ko kofato ba zai kai gida ba. Kwace a wajen farauta ba a ɗauke shi sata ba, gwajin ƙarfi ne, shi ya sa ake tafiya da 'yan tauri. Na ga an sare wa mutum yatsu a kan zomo. Ban ce abu ne mai kyau ba, na dai gaya maka yadda yake. A wajenmu wanda ya fara fitar da jini shi ke da kai da fata, kuma su aka ba ka. Wannan shi ne shaidar cewa taka ce. Nama kowa ma yana iya samu a kasuwa.

Abin da ya fi burge ni ba jifan ba ne, wurin da ka same ta ne. Ƙarshen layi da aka ajiye ka, can gada take. Zomo da zabo su ke tashi gaban ganga. Ita gada ba ta yarda da gudu ba sai dole: in ta ji hayaniya sai ta zame gefe ta lafe, ta bar mutane su wuce ta. Ita kaɗai take yawo, ko ita da mijinta, ba ta garke. Ganye take ci da 'ya'yan itace, ba ta damu da ciyawa ba, shi ya sa in kana neman sawunta ka duba gindin aduwa da magarya da sassafe, da gonar waken da ba a gama kwashe harawa ba. Za ka ga ƙananan kofato masu tsini, da kashinta tsibi guda a wuri ɗaya. Kada ka ɓata lokacinka a bakin tafki, tana daɗewa ba ta nemi ruwa ba. Baƙin abin nan da ka gani a ƙarƙashin idonta, shi take gogawa a jikin reshe don 'yan'uwanta su san wurin da mai shi. In ka iya gane shi a kan tsinken geza, ka fara zama maharbi.

Da kuka feɗe, ka nemi maɗaciya? Ba ta da ita. Mu kan sa yara su yi ta lalube cikin hanta muna dariya.

Fatar kuma kada ka bar ta a rana. Ka kankare kitsen, ka zuba gishiri ko toka, ka kafe ta da ƙusa a inuwa gashin yana ƙasa. In ta bushe ka kai wa majema su jeme ta da bagaruwa, ka ce musu da gashinta kake so.

Uwar Biyu:

Ni dai naman nake ji. Naman gada ba shi da kitse, in ka bar shi kan banda da wuta mai ƙarfi zai koma kamar ƙirgi. Hayaƙi ake so, ba harshen wuta ba. Ku ware hantar da zuciyar ku ci yau, ba sa jira. Sauran in za a dafa, a fara tafasa shi da citta da kanumfari da masoro da albasa, ya yi laushi, sannan a sa shi a miyar kuka ko kuɓewa busassa da daddawa. Kuma a aika wa maƙwabcin nan da nasa kason, mu ga ko zai mayar.

Tsohon Ma'aikacin Gandu:

Ina taya ka murna, ƙanena, amma zan ɗan zuba ruwa a miyar.

Ka lura gayyar ƙauyuka uku ce, da ganga da karnuka, aka tashi gada ɗaya har ana zare wuƙa a kanta. Tambayi kawunka abin da suke dawowa da shi yana saurayi. Gada ma ita ce mai taurin rai, tana iya zama gefen gonaki. Barewa fa? Yaushe rabon da wani ya ga garkenta a ƙasar Daura? Yanzu tana cikin dabbobin da masana suka sa a jerin masu fuskantar barazana. Gona ta cinye daji, masu gawayi sun bi sauran, mu kuma muna cinna wa abin da ya rage wuta don mu kori zomo. Dajin Rugu da manyan maharban Katsina suke shiga da, ta wajen Safana da Batsari, kowa ya san abin da ya hana shigarsa yanzu.

Samari suna turo mini bidiyon Turawan Amurka suna harbin barewarsu mai ƙaho mai rassa, suna cewa ga inda nama yake. Su ma sun kusa ƙarar da ita. Wajen 1900 abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba, yau ana maganar kusan miliyan 30. Lokacin farauta suka yanka, kowa ya sayi lasisi, aka ƙayyade masa adadin da zai harba, sannan tun 1937 harajin bindiga da harsashi yake tafiya wajen kula da namun daji. Mu ma muna da dokar namun daji ta Jihar Arewa tun 1963, da ta tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke neman ƙarewa. Takarda ba ta yi mana ƙaranci ba.

Tunda yanzu ka fara, ka saba wa idonka duba kai kafin ka saki kere. Mai ƙaho namiji ne. Macen ɗa ɗaya take haifa, ta ɓoye shi cikin ciyawa ta tafi kiwo, in ka kashe ta ka kashe biyu. In kuma kawu ya ce zai saya maka harbi-ka-ruga, ita ma doka ta ce sai da lasisi daga kwamishinan 'yan sanda. Bayan kisan da aka yi wa mafarautan nan 16 a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, ba na ba kowa shawarar ya hau hanya da makami babu takarda a aljihu.

Baushe Mai Ritaya:

Malam na gandu, maganar mace gaskiya ce, iyayenmu ma da damina ta faɗi suke rataye kwari. Amma gada in ta tashi a gabanka, ko ƙifta ido ba ka gama ba ta ɓace. Wa ya ga ƙaho a nan? Sai dai a hana gayyar gaba ɗaya, ka kuwa san ba mai hanawa.

Telan Daura:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Allah gafarta Malam, jan wuƙa ɗaya na yi ban ɗaga ba, kawu ma ya duba wuyan a wurin ya ce ya yanku. Na karanta wa Inna amsarka, ta ce a gaishe ka, tukunya tana kan wuta. Hajiya, an aika wa maƙwabci, yaron ya dawo da kwano babu komai.

Baba, ashe shi ya sa kawu ya miƙo mini hantar ya ce in cire maɗaciya a hankali kada ta fashe, su kuma suka koma gefe suna ƙyaƙyatawa. Fatar na riga na shanya ta a kan katanga tun jiya, yanzu zan je in sauke. Gefenta ya fara ƙanƙancewa. In na yayyafa mata ruwa kafin in sa gishirin, za ta miƙe, ko gashin zai zube?