Neman shawara: gwiwata ta yi ƙas a fili, likita ya rubuta ACL, ban gane komai ba

Lamba Takwas:
Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah masu sani a taimaka min. Yau sati uku kenan muna buga bal da yamma a filin unguwarmu, na karɓi bal zan juya, ƙafar dama ta kafe a ƙasa jikina kuma ya juya, wallahi babu wanda ya taɓa ni, kawai na ji ƙas a cikin gwiwa na zube. Kafin isha'i gwiwar ta kumbura tim har ƙoƙon ba a gani. Washegari aka kai ni wani asibiti aka yi hoton ƙashi aka ce babu karaya, targaɗe ne, aka ba ni magani da bandeji. Kumburin ya ragu, ina takawa, amma duk sanda zan juya ko zan sauko daga bene sai in ji gwiwar ta sake min kamar ba tawa ba, shekaranjiya saura kaɗan in faɗi a alwala. Sallah ma a kujera nake yi. Jiya na ga wani likitan daban, ya kwantar da ni ya riƙe cinyata da hannu ɗaya ya jawo ƙwaurina gaba, ya girgiza kai ya rubuta ACL da alamar tambaya, ya ƙara wata kalma wai meniskos, ya ce in yi MRI in kuma fara ganin fisiyo, wato masu gashin ƙashi. Layi ya yi yawa ban samu na tambaye shi ba. Mene ne waɗannan abubuwan? Kuma in babu karaya me ya sa sai na sake wani hoton mai tsada? Baba yana cewa a kai ni wajen mai ɗori kawai. Shekarata 24.

Tsohon Gola:
Wa'alaikumus salam, sannu ƙanina Allah ya ba ka lafiya. Ni dai a zamaninmu gashi ake yi da ruwan zafi da tawul safe da yamma, a shafa man zafi a ɗaure. Ka gwada na sati biyu ka gani kafin ka kashe kuɗi a hoto.

Malam Fisiyo:
Sannu ɗan uwa, Allah ya sa kaffara ne. Aikina kenan, bari in warware maka a hankali, amma ka sani ban ga gwiwar ba, maganar likitan da ya taɓa ka ita ce gaba da tawa.

Inda matsalar take farawa shi ne mu da Hausa komai jijiya muke cewa. Ta jini jijiya, wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa jijiya, agara ma jijiya. A asibiti kuwa kowacce da sunanta. Wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa ita ce ligamen, kamar igiya take. Wadda ta haɗa tsoka da ƙashi ita ce tendon, misalinta agarar bayan dunduniya. In ligamen ta miƙe fiye da ƙima ko ta yage shi ne ainihin targaɗe, in kuma tsoka ce ta yage, kamar yadda ɗan bal yake cikin gudu ya dafe bayan cinya, wannan wani ciwon ne daban. Gocewa kuma ita ce ƙashi ya bar mazauninsa a gaɓa. To shi targaɗen mataki uku ne: na ɗaya igiyar ta ɗan miƙe ne kawai, na biyu wani sashe ya yage, na uku ta tsinke gaba ɗaya. Ka ga kenan wanda ya ce maka targaɗe ne bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya maka wace igiya ba kuma wane mataki, kuma a nan ne duk maganar take.

Gwiwa tana da manyan ligamen huɗu. Biyu a gefe, ciki da waje, biyu kuma a can tsakiya sun giciye juna. Ta gaban cikin masu giciyen ita ce ACL, aikinta ta hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ya bar na cinya, ta kuma riƙe gwiwar lokacin juyi. Jan ƙwaurin nan da likita ya yi maka sunansa gwajin Lachman, yana so ya ji ko igiyar za ta tsayar da ƙashin ko zai taho haka nan sakwaf. Labarin da ka bayar, juyi ba tare da an buge ka ba, ƙara a ciki, kumburi cikin ƴan awanni, da gwiwa mai sakewa, gaskiya ya yi kama da ita sosai. Kumburin da ke zuwa da sauri haka yawanci jini ne ya taru a gaɓar.

Meniskos kuma guringuntsi ne, guda biyu a kowace gwiwa, siffar jinjirin wata, suna zaune tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri kamar matashi suna ɗauke nauyi. Sau da yawa tare suke yagewa da ACL shi ya sa ya rubuta su tare.

Maganar hoto: wanda aka yi maka ƙashi yake nunawa, ligamen da guringuntsi ba sa fitowa a ciki ko da sun tsinke biyu. MRI ne ke nuna su. Ba cin kuɗinka ake son yi ba.

Anti Nas:
Baba Gola a yi haƙuri zan ɗan saɓa maka, ba raini ba ne. Sabon ciwo a kwana biyu zuwa uku na farko ba a sa masa zafi, ba a murza shi, zafi yana buɗe hanyoyin jini kumburin ya ƙaru. Abin da muke koya wa mutane abu huɗu ne, a huta da ƙafar, a sa ƙanƙara, a naɗa bandeji, a ɗaga ƙafar sama da ƙirji in an kwanta. Turawa RICE suke kiransa, wani likitan wasanni a Amurka Gabe Mirkin ne ya fito da sunan a 1978. Ƙanƙarar a naɗe ta a tsumma, minti 15 zuwa 20 a cire, kar a ɗora ta a fata kai tsaye, na taɓa ganin yaron da ya kwana da ledar ƙanƙara a idon sawu da safe fatar ta yi fari ta tashi kamar ƙuna. Ledar fiya wata mai sanyi ma tana yi in babu wuta. Bandejin kuma in yatsu suka fara sanyi ko suka yi zugi ko suka canza kala to ya matse a sassauta.

Shi ɗan uwanmu ya wuce wannan matakin tunda sati uku ne, ɗumi yanzu ba zai cutar da shi ba yana ma sassauta tsoka, amma ba zai ɗinke igiyar da ta tsinke ba.

Kuma don Allah ƙanina ka kula da magungunan kashe ciwo. Diclofenac da ibuprofen ba a shan su wata da watanni, suna cin ciki suna taɓa ƙoda, balle mai olsa. Tramadol kam kar ma ka fara don ka samu ka koma fili.

Tsohon Gola:
Ba komai ƴata, ilimi ne. Ni kaina gwiwar hagu har yau in sanyi ya shigo ba na iya durƙuso, wata ƙila da an duba ta a lokacin da ba haka ba.

Lamba Takwas:
Na gode ƙwarai wallahi yanzu na fara gane takardar. To Malam Fisiyo dole sai an yi min aiki kenan? Kuma me zan ce wa Baba kan mai ɗori, ba na son ya ga kamar na ƙi maganarsa.

Malam Fisiyo:
Ba kowa ake yi wa aiki ba. Ligamen ta gefen ciki misali yawanci da kanta take warkewa da takalmin gwiwa da motsa jiki, don jini yana isa gare ta. ACL ce mai wahala, tana cikin ruwan gaɓa jini kaɗan ke zuwa mata, in ta tsinke duka ba kasafai take haɗewa ba. Mutumin da ba ya wasan juyi, aikinsa ofis ko shago, da yawa suna rayuwarsu lafiya lau da fisiyo kaɗai in tsokar cinya ta yi ƙarfi. Amma matashi mai son komawa bal kuma gwiwar tana sake masa, galibi likitocin ƙashi aiki suke ba da shawara, saboda duk sakewa ɗaya tana iya ƙara yaga meniskos, shi kuma in ya lalace ciwon gaɓa ne ke jiran mutum tun bai tsufa ba. Aikin ma ba ɗinke tsohuwar ake yi ba, ana yanko tendon daga jikinka, ta ƙasan ƙoƙon gwiwa ko ta bayan cinya, a huda ƙashi a zura ta a mazaunin waccan, da ƴar kyamara ake shiga ta ƙananan ƙofofi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ko za a yi aiki ko ba za a yi ba fisiyo yanzu za ka fara. Mutanenmu suna ce mana masu gashin ƙashi sai a ɗauka fitila mai zafi ce kawai da tausa, alhali mafi yawan aikin kai za ka yi da guminka. Ka samu zaren awo na tela ka auna cinyarka ta dama da ta hagu a wuri ɗaya, kamar faɗin tafin hannu sama da ƙoƙo, ina kyautata zaton za ka ga ta daman ta rame, tsokar gaban cinya da wuri take zubewa in gwiwa ta kumbura. Farkon abin da muke nema uku ne, kumburi ya sauka, gwiwa ta miƙe sambal kamar ɗayar, tsokar ta farka. Ka zauna a tabarma ka miƙe ƙafar, ka matse cinyar kamar kana danna bayan gwiwa a ƙasa, ka ƙirga biyar ka saki, sau goma, ka maimaita sau uku a rana. Daga nan ake zuwa ɗaga ƙafa a miƙe, keken motsa jiki, tsayuwa da ƙafa ɗaya don gaɓar ta sake koyon sanin inda take, sai can gaba gudu a miƙe, juyi da tsalle su ne ƙarshe. Wanda ya shiga tiyata da gwiwa a kumbure a sandare ya fi shan wahala bayan aiki.

Shi Baba ka nuna masa hoton farko ka ce an duba babu ƙashin da ya karye ko ya goce, mai ɗori ƙashi yake ɗorawa, a nan babu abin da zai ɗora, ja da murɗa kuma zai iya ƙara ɓarna. In da hali ka tafi da shi ranar ganin likita ya ji da kunnensa, iyaye sun fi natsuwa in an yi musu bayani a gabansu. In kana Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, duk suna da likitocin ƙashi da sashen fisiyo.

Anti Nas:
In ƙara abu ɗaya, in gwiwar ta maƙale ta ƙi miƙewa ta ƙi lanƙwasuwa, ko sha raɓa ta kumbura ta yi zafi da ciwo, ko zazzaɓi ya zo gwiwar ta yi ja, kar ka jira ranar da aka ba ka, ka tafi asibiti a ranar.

Koci:
Yarona abin da zan roƙe ka shi ne haƙuri, don na san ku, da ciwo ya lafa sai a ce zo ka cike mana mutum ɗaya minti goma kawai. Ka duba Rodri na Man City, Satumbar 2024 ya samu irin wannan a wasansu da Arsenal, ACL da meniskos, da sanduna ya hau ya karɓi Ballon d'Or a Oktoba, bai sake taka fili ba sai Mayun 2025. Van Dijk na Liverpool Oktoban 2020 ya ji nasa a wasansu da Everton, sai Agustan 2021 ya dawo gasar Firimiya. Waɗannan da likitoci da fisiyo a kansu kullum. Wata tara zuwa shekara ake lissafi bayan aiki, kuma ba kalanda ce ke sallamar mutum ba, sai an gwada ƙarfin ƙafafun biyu an ga sun kusa daidai. Ni yarana yanzu ba mai taɓa bal sai mun yi ɗumin jiki na FIFA 11+, minti 20 ne, akwai koyon yadda ake dira daga tsalle gwiwa ba ta karkata ciki ba. In ka warke ka zo in nuna maka.

Lamba Takwas:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na auna da zaren Umma yanzun nan, ta daman ta gaza da kusan inci ɗaya, gabana ya faɗi amma na fara matse cinyar kamar yadda Malam ya ce, na yi goma na farko. Na karanta wa Baba bayanin nan bayan magariba ya yi shiru, sannan ya ce ranar Litinin tare za mu je. Malam Fisiyo in sakamakon MRI ɗin ya fito zan turo maka abin da aka rubuta ka fassara min kafin in shiga wajen likita, don in san tambayoyin da zan yi masa.