Yaya ake raba ɗalibai da "borrow me" a bakinsu?

Assalamu alaikum, malamai. Ina neman shawara kan kalmomi biyu na Turanci da suka ƙi zama a bakin ɗalibai 'yan ajin ƙarshe na sakandare, masu shirin jarrabawar WAEC: "borrow" da "lend".

Tushen matsalar a Hausa yake. Mu abin da aka karɓa muke dubawa: idan shi kansa za a mayar, kamar biro ko keke, aro ne, idan kuɗi ne ko hatsi da za a biya da irinsa, rance ne. Turanci kuwa bai damu da wannan ba, hannun da ya miƙa da wanda ya karɓa yake dubawa. Mai karɓa "borrow from", mai bayarwa "lend to". Da yake "ara mini" da "na ari" jijiyarsu ɗaya, sai yaro ya ce "borrow me your pen", ga Turancin kasuwa kuma yana ƙara masa ƙarfin gwiwa.

A rubuce suna cike gurbi daidai, har "lent" suna kawowa a shuɗaɗɗen lokaci. Da sun buɗe baki sai kuskuren ya dawo. Wasu ma gyaran ya zarce, suna cewa "Can I lend your pen?" alhali su ne masu karɓa.

An gwada zana kibiya a allo, an gwada miƙa biro hannu da hannu ana faɗar jimlar, amma bayan mako guda komai ya warware. Wane atisayen baki kuke yi? Gara a koyar da su rana ɗaya, ko a bar "borrow" ta zauna tukuna? Kuma yaushe ya dace a shigo da "loan"?