Waken Bayan Ɗaki a Ikko

Ɗan Agege:
Sallama gare ku iyaye da 'yan'uwa,
Na shuka wake a Yuni, tsakiyar ruwa,
Cikin buhunan siminti, can gefen inuwa,
Ganye ya yi shar, har katanga yake hawa,
Fure na zuba, ɗan kwanson ma sai ruɓewa,
Mai magani ya taimaka mini da amsawa.

Hajiyar Idi-Araba:
Ɗana, Ikko ba Kano ba ce, ji zancena,
Yuni da Yuli nan ruwa ake dare da rana,
Ƙarshen Agusta nake shukawa a lambuna,
Irin kwana 60 zuwa 70, mai saurin nuna,
Ƙwaya uku a rami, ka fito da shi fili ya sha rana,
Huda gindin buhun kada ruwa ya kwana,
Yuriya ta masara ce, wake ba ya so, ɗana,
Saiwarsa ke haɗa masa taki, ka tona ka ga ƙulluna,
Roro a Nuwamba, sama ta ɗauke, sai shanya a tabarmina.

Baban Alaba Rago:
Hajiya kin gama, ni harawa nake jira,
Ragunana sun fi son ta a kan karan masara,
Ajiya kuwa, toka da barkono, dabarar karkara,
Wasu 'yan kasuwa fiya-fiya suke fesawa, hattara!

Hajiyar Idi-Araba:
Fiya-fiya guba ce, Alhaji, ba ta shiga gidana,
Toka ta yi a Arewa, nan laima ke cin hatsina,
Ƙwaron tun a gona yake ƙwai, ka shigo da shi da hannu,
Shanya shi ya bushe ƙarau, ciza ka ji ƙas, a sannu,
Cika jarka har wuya, leda a baki, murfi ya ɗauru,
Iska ta ƙare masa, can ciki zai mutu ya kwantu,
Kar ka riƙa buɗewa kullum, aikin sai ya ɓatu.
Buhun PICS mai leda biyu ciki, na masu kilo 50 ne,
Kai da za ka sami tiya biyu, jarkar man gyaɗa daidai ne.

Ɗan Agege:
Na gode Hajiya, ƙosan farko naki ne,
Baba, harawa ba kyauta ba, ciniki ne,
Takin raguna buhu guda, shi ne farashin nan,
Ka aiko da shi Agege kafin ƙarshen watan nan.