Wane jirgi ya dace da kamfanin araha mai tafiyar nesa? Dan Allah a ban shawara

Ɗan Garwa: Slm jama'a. Ina aiki a wani ajans na saida biye, wato tikitin jirgi, nan Garwa, to patron ɗina shi da abokansa uku sun ce za su haɗa jari su ɗauko jirgi haya, a riƙa kai mutane umara da Dubai kai tsaye da araha, ba sai an sauka Duwala ko an tsallaka Kuseri zuwa Njamena an kwana a Addis ba. Har ma ana maganar Gwanzu ta ƙasar Sin nan gaba. Yace in rubuto masa dosiye kan wane jirgi za a nema, ni kuwa wlh iyakata buga tikiti, ban taɓa sanin bambancin A330 da 787 ba sai a hoto. Shi dai idonsa na kan babba mai layi biyu na wucewa tsakanin kujeru, wai shi ne mutane ke girmamawa. Masu sani ku taimaka.

Makanikin Njamena: Wslm ƙanina. Fara da kilomita kafin sunan jirgi. Garwa zuwa Jidda kamar 3,000 ne a miƙe, Dubai bai kai 5,000 ba, banda zagayen da ake yi tun da yaƙin Sudan ya rufe sararinsu a 2023. Wannan ai ba nisan babban jirgi bane. A321LR yana cin wajen kilomita 7,400, sabon XLR ɗin da Iberia ta fara tashi da shi ƙarshen 2024 yana kai 8,700, layi ɗaya ne, kujera ɗari biyu da ɗoriya in an matse. Gwanzu ce kawai ta fi ƙarfinsa don ta haura 10,000, ita kam sai A330 ko 787 ko A350. Ka cire ta a dosiyen tukuna.

Hajiya mai atamfa: Ni dai ban san lambobinku ba amma ku tuna mu ne fasinjan. Zuwa jaka ɗaya nake tafiya da ita kusan wayam, dawowa kuwa kwali shida, turare, abaya, takalman yara, har da injin markaɗe na taɓa ɗaukowa, ranar sai da na zauna kan akwati yarana biyu na jan zif. In ƙaramin jirgi zai ce min kilo 23 shikenan, to gara in biya tsada in kwana a hanya. Ɗana ka faɗa wa alhajinka haka.

Makanikin Njamena: Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. Cikin A321 ƙarami ne, kuma LR ɗin tankunan mai na ƙari a wajen kaya ake sa su, kaga sun cinye wuri. Sannan ga zafinmu, watan Maris da Afrilu Garwa na wuce digiri 40, iska ta yi sako-sako, jirgi ba ya iya tashi da cikakken nauyinsa da rana tsaka, dole a rage ko kaya ko mai. Shi yasa in ka lura da yawa tashin dare suke yi. Amma duk da haka ina nan kan bakata, kwalayen Hajiya a tura su ta fret, wato jigilar kaya, daban.

Malam na Marwa: Ɗan Garwa ka sa wa patron ɗinka tarihin waɗanda suka gwada a shafin farko, kafin ma hoton jirgi. Norwegian sun sayi 787 sabbi fil suna kai mutane Amurka da kuɗi kaɗan, injin Rolls-Royce ya ba su matsala jirage suka yi ta zama a ƙasa, ga bashi, korona ta zo ta ƙarasa, Janairun 2021 suka daina tafiyar nesa gaba ɗaya. WOW na ƙasar Aisland suna lafiya da ƙananan A320 da A321 ɗinsu sai suka ɗauko A330, Maris 2019 suka rufe. Tun Laker na Ingila a 1982 ake wannan faɗuwar. Dalilin kuwa ba boyayye bane, a gajeren zango kamfanin araha yana cin riba ne da juya jirgi sau da yawa a rana, minti talatin a ƙasa ya sake tashi, to a tafiyar awa bakwai ina juyin yake? mai ne ke cin kuɗin, kuma farashin mai ɗaya ne da kai da Emirates. Masu rai a harkar cusa kujeru suke yi ba wasa, Cebu Pacific 459 a A330neo, French Bee 411 a A350. Tambayar da zai amsa ita ce, bayan sallar layya, ranar wata Talata a cikin damina, wa zai cika masa kujera 400 daga Garwa?

Ɗan Garwa: Malam gsky ko ɗari da hamsin sai an yi da gaske. Azumi ne kawai da hajji muke rasa wurin zama a ofis.

Malam na Marwa: To kaga. Kuma hajji ma ba kowa ke ɗiba ba, sai wanda hukumomin ƙasashen biyu suka ba izini.

Abu Kuseri: Ni shawarata kar su yi maganar kamfani ma yanzu. Akwai haya irin wadda ake kawo maka jirgi da matuƙa da ma'aikata da gyara da inshora duka, kai ka biya ta awa, ka sayi mai, ka saida biye. Su ɗauki A330 na watan azumi kaɗai, in ya cika alhamdulillah in bai cika ba asarar wata ɗaya ce. Ko flynas na Saudiyya ai da hayar A330 suke ƙara ƙarfi lokacin hajji, alhali asalin jiragensu A320 ne. Kuma ku duba nan kusa, Tchadia, kamfanin jirgin Chadi da aka buɗe 2018 da hannun Ethiopian a ciki, da 'yan Q400 ma ba ta yi shekara biyar ba.

Makanikin Njamena: Ƙari ɗaya, in A321neo za a ɗauko a tambayi wane inji ne a jikinsa, na Pratt & Whitney tun 2023 ake ta sauke su don bincike, jirage da yawa sun yi watanni a ajiye. Kuma ka tambayi mai hayar in taya ko famfo ya lalace a Garwa daga ina sifeya zai taso, kwana nawa.

Ɗan Garwa: Na gode ƙwarai Allah ya saka. Zan rubuta A330 haya na azumi kawai, sauran shekara in sun nace A321. Matsalar yanzu alhaji ya riga ya sa an zana masa sunan kamfanin a jikin hoton 787 ya liƙa bayan kujerarsa, gobe da safe zan shiga da takardar.

Hajiya mai atamfa: Ka bari sai ya sha shayi. Kuma ka sa kilo 46 a ciki.