Mi ya kai Ranveer Allahbadia gaban Kotun Ƙolin Indiya?

Ɗan Boukoki:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga masu bin harkar YouTube ta Indiya. Ana ta yawo da hoton wani saurayi, Ranveer Allahbadia, wai firaminista da hannunsa ya ba shi lambar yabo, shekara ba ta zagayo ba sai ga ƴan sanda suna nemansa. Mi ya aikata takamaimai? Kuma ta ƙaƙa magana guda a bidiyo ke kai mutum har kotun ƙoli? Muna shirin buɗe tashar hira da ƴan kasuwa da ƴan kokowa a nan Yamai, shi ya sa nake son sanin inda ramin yake kafin mu taka.

Malam Ɗan Ader, Tawa:
Wa alaikumus salam ƙanena. An haifi yaron a Mumbai a 1993, ya yi karatun injiniya, sai ya buɗe tashar BeerBiceps a 2015 yana koyar da motsa jiki da cimar masu ɗaga ƙarfe. Daga baya shi da abokinsa Viraj Sheth suka kafa kamfanin Monk Entertainment, mai haɗa masu tashoshi da kamfanonin da ke son talla. Abin da ya ɗaga shi sosai shi ne shirin hirarsa The Ranveer Show da ya fara a 2019, da Turanci da kuma Hindi. Ƴan fim, ƴan wasan kurket, malaman addinin Hindu, duk sun zauna a kujerarsa. A 2023 har ministoci irin su S. Jaishankar na harkokin waje da Nitin Gadkari na hanyoyi sun zo. Tun lokacin wasu ƴan jarida ke sukarsa cewa ba ya matsa wa baƙo da tambaya, kuma yana barin masu maganar aljanu da taurari su faɗi abin da suka ga dama ba tare da ya nemi hujja ba. Lambar yabon da ka gani firaminista Narendra Modi ya miƙa masa ita ran 8 ga Maris 2024 a New Delhi.

Rikicin kuwa ba a tasharsa ya tashi ba, wannan shi ne abin da mutane ke mantawa. Baƙo ya je a shirin barkwanci na Samay Raina mai suna India's Got Latent, ya zauna cikin alƙalan gasa tare da Ashish Chanchlani da Apoorva Mukhija da Jaspreet Singh. Can ya jefa wa wani ɗan takara tambayar batsa game da shimfiɗar iyayensa, wadda ba zan maimaita ta a nan ba. A farkon Fabrairu 2025 guntun bidiyon ya bazu. Ran 10 ga wata ya fito ya nemi gafara, ya ce barkwanci ba fagensa ba ne, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. YouTube ta toshe wannan kashin bayan gwamnati ta nema, Samay Raina kuma ya sauke dukan kashe-kashen shirin daga tasharsa ran 12.

A ganina abin da ya sa wutar ta fi cin Ranveer fiye da sauran shi ne rigar da ya ɗinka wa kansa. An san Samay da baƙar magana, masu kallonsa don ita suke zuwa. Shi kuwa Ranveer da tarbiyya da ibada da gyaran hali ya tara jama'a, iyaye na barin ƴaƴansu su kalle shi. Farar riga ta fi nuna dauɗa.

Hajiya Ta Yantala:
Malam ya kawo tarihin daidai. Bari in amsa rabin tambayar na biyu, ɗana, don hanyar kotun tana da tsari.

A Indiya ƙara irin wagga tana farawa da takardar da ƴan sanda ke buɗewa, wadda suke kira FIR. Ƴan sanda na jihohi ne, kuma bidiyon intanet ana kallonsa ko'ina, don haka kowace jiha da aka kai ƙorafi tana iya buɗe tata. An buɗe a Guwahati ta jihar Assam, babban ministan jihar Himanta Biswa Sarma da kansa ya sanar. An buɗe a Maharashtra, jihar da Mumbai take, an buɗe a Jaipur. Tsakanin Mumbai da Guwahati ya haura kilomita 2,000, ya fi Yamai zuwa Diffa nesa ƙwarai. Ka ga mutum guda, magana guda, amma ana kiransa wurare uku, kuma ko'ina ana iya tsare shi. Shi ya sa lauyansa Abhinav Chandrachud ya wuce kai tsaye Kotun Ƙoli yana roƙon a haɗe ƙararrakin wuri ɗaya a kuma hana kama shi.

Dokokin da aka ɗora masa sun haɗa da sassan batsa na sabon kundin laifuka, Bharatiya Nyaya Sanhita, wanda ya fara aiki 1 ga Yuli 2024, da sashe na 67 na dokar fasahar sadarwa ta 2000. Wannan sashen a karon farko hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara 3 da tarar rupi 500,000.

Ran 18 ga Fabrairu 2025 alƙalai biyu, Surya Kant da N. Kotiswar Singh, suka saurare shi. Sun yi masa faɗa ƙwarai, mai shari'a Surya Kant ya ce ƙazantar da ke cikin kansa ce ya amayar. Amma sun hana a kama shi, sun hana a buɗe sabuwar ƙara kan wannan kashin, da sharaɗin ya ba masu bincike haɗin kai, ya ajiye fasfonsa wurin ƴan sandan birnin Thane da ke kusa da Mumbai, kuma kar ya sake watsa wani shiri. Ran 3 ga Maris aka sassauta, aka bar shi ya ci gaba da shirinsa in zai kiyaye ladabi, bayan lauyansa ya ce mutum 280 ke cin abinci a ƙarƙashinsa. Fasfon sai ƙarshen Afrilu kotu ta yarda a mayar masa.

Mai Montaj, Wadata:
Yaya Ɗan Boukoki, tunda tasha za ku buɗe, ga inda aikin ya lalace ta fuskar sana'a. Shirin nan ba kai tsaye aka watsa shi ba. Naɗa shi aka yi a wani zaure a Mumbai, aka yi montaj, sannan aka ɗora. Wato maganar ta bi ta hannun mai yanka bidiyo da mai shirin, ba wanda ya cire ta. Sun dogara da cewa kashin na masu biyan kuɗin wata ne kaɗai. Wannan katanga ba ta tsare komai: mutum guda ya naɗi fuskar wayarsa na daƙiƙa 30 ya jefa a Instagram ko X, shi ke nan, waɗanda ba su taɓa jin sunan shirin ba su ne za su yanke hukunci.

Don haka kafin ku ɗora kowace hira, wani wanda ba ya wurin naɗin ya kalle ta daga farko har ƙarshe, yana tambayar kansa: in aka yanko wannan jimlar ita kaɗai aka tura wa surukina, mi za ta zama? In ɗayanku zai je baƙunci wata tasha, ya nemi a rubuce cewa zai ga bidiyon kafin a sake shi. Ranveer sai bayan abin ya bazu ya roƙi a cire wurin.

Ta ɓangaren kuɗi kuma, kar ku zaci tallar YouTube ce ke riƙe irin waɗannan. YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla a dogon bidiyo, kashi 70 na kuɗin masu biyan wata, kuma mai dogon bidiyo ba ya shiga rabon talla sai da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Babban kuɗin yana cikin kwantiragin kamfanoni masu ɗaukar nauyin shiri, su kuwa su ne farkon gudu in suna ya ɓaci. Indiya ta ma ɗaure wannan gefen: tun 2023 dole a rubuta ƙarara cewa talla ce, tarar yaudarar masu saye na kai rupi miliyan 1, in an maimaita miliyan 5.

Wani abin da ya sami Ranveer wanda ya fi kusa da ku: a Satumba 2024 an yi wa tasoshinsa kutse, aka sauya musu suna zuwa Tesla, aka goge hirarraki, kafin a maido masa. Irin wannan galibi ta saƙon imel na tallar ƙarya yake shigowa, da fayil da ake cewa kwantiragi ne. Kana buɗe shi ya sace shaidar shigarka da ke cikin kwamfuta, ko lambar sirri ba ya buƙata. Kwamfutar da ke riƙe da tasha daban, wadda ake buɗe saƙonni daban, kuma ku ajiye asalin kowane bidiyo a faifai biyu.

Malam Ɗan Ader, Tawa:
Hajiya, wuri ɗaya ne raina bai kwanta ba. Maganar yaron abin kunya ce, ba musu. Amma hana shi watsa kowane shiri, har wanda bai shafi laifin ba, hukunci ne tun ba a yi shari'a ba. Masu kamara da masu fassara da ke aiki wurinsa mi suka yi?

Hajiya Ta Yantala:
Lauyoyi da dama a Indiya sun faɗi haka, Malam, kuma kotun da kanta ta janye sharaɗin cikin mako biyu. Ni dai na fi ganin nauyin a wuyan wanda ya san mutum 280 na bayansa ya saki bakinsa.

Ɗan Boukoki, kai kuma dokar gida za ka karanta kafin ta Indiya. Dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019 ce. A 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, a Yuni 2024 aka maido da shi: shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Yaɗa abin da ake ganin zai dagula zaman lafiyar jama'a ko ya taɓa mutuncin ɗan Adam kuwa shekara 2 zuwa 5 ne. In baƙonku ya zagi wani ɗan kasuwa da suna, ku da kuka ɗora bidiyon kuna cikin waɗanda za a kira. Ku sa kowane baƙo ya sa hannu a takardar yarda da naɗi da watsawa, ku kuma rubuta a ciki cewa kuna da ikon yanke duk abin da kuka ga bai dace ba.